Mai Ɗaki Ya San Inda Ke Yoyo, To Me Ya Hana Shi Yaɓewa?



A hutun Babbar Sallar da ta wuce, wani ƙanena da ya yi shekara biyu yana karatu a Amurka ya dawo gida Anka, aka taru bayan sallar isha'i a ƙofar gidan kawunmu ana yi masa barka da zuwa. Kamar yadda aka saba, hira ta gangara kan abin da ya gano. Ya ce a watanninsa na farko ba shi da aiki sai tambaya. Me ya sa mutum zai gaishe ka, ya tambayi lafiyarka, sannan ya wuce bai tsaya jin amsa ba? Me ya sa ɗalibi yake kiran malaminsa mai furfura da sunansa gatsau, ko sakayawa babu? Yaya mai albashi da gida mai ɗakuna huɗu zai kai mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi, alhali karensa na kwana a kan gadonsa? Me ya sa wanda ya yanke jiki ya faɗi a titi yake roƙon kada a kira masa motar asibiti don tsoron kuɗin da za a caje shi? Sai kuma uwar tambayoyin: ƙasar da ake shiga makarantar firamare a harbe yara, me ya hana ta karɓe bindigogin da ke hannun jama'a?

Majalisa ta ji daɗin wannan hira. Masu salati na yi, masu dariya na yi, wani dattijo ya ɗaga hannu ya gode wa Allah da bai yi shi Ba'amurke ba. Ni ma na yi dariyar. Daga baya na tambayi ƙanen nawa yadda suke amsa masa. Ya ce wasu sukan zauna su yi masa bayani, wasu su yarda cewa lallai akwai gyara, wasu kuwa sai fuskarsu ta canza, su ce in ƙasar ba ta yi masa ba ya koma inda ya fito. Nan take majalisa ta yanke hukunci: ka ji girman kai irin na Amurkawa.

Sai na juya na ce, “Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, mu fa da baƙi suka zo nan a 2010 suna tambayar yara nawa suka mutu a ƙauyukanmu, me muka fara ce musu?” Wuri ya yi tsit. Can Kawu ya gyara zama ya ce, “Ɗana, wannan daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Ban ja da shi ba, domin ba a yi mini tarbiyyar jayayya da kawu a gaban mutane ba. Amma maganar ta bi ni har Gusau, ta hana ni sakat, shi ya sa na kawo ta nan. Abin da zan kare a wannan rubutu shi ne: ɗabi'ar da muke da ita ta jin daɗin tambayar da aka yi wa wasu, tare da ɗaukar wadda aka yi mana a matsayin cin mutunci, ɗabi'a ce da ta riga ta ci rayukan yaranmu, kuma za ta sake ci muddin ba mu rabu da ita ba. Masu riƙe da wannan ɗabi'a suna kiranta kishin al'ada. Ni ina ganin tsoron amsa ne kawai aka lulluɓe da rigar kishi.

Abin da baƙo ya taɓa yi wa Amurka

Bari mu fara da Amurkar da muka yi wa dariya, domin tana da dogon tarihi da tambayar baƙo. A 1831 wani matashin Bafaranshe, Alexis de Tocqueville, ya shafe kimanin wata tara yana zagaya ƙasar yana tambaya, ya koma ya rubuta littafi kan dimokuraɗiyyarta wanda kashinsa na farko ya fito a 1835. Ya yaba musu kan yadda suke kafa ƙungiyoyi su yi wa kansu aiki ba tare da jiran hukuma ba, ya kuma gargaɗe su kan zaluncin masu rinjaye da kuma bautar da suke yi wa baƙar fata. Har yau ana karantar da littafin a jami'o'insu.

A 1938 wata gidauniya ta Amurka mai suna Carnegie ta ɗauko wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Myrdal, ta biya shi don ya binciki halin da baƙar fata ke ciki. Da gangan aka nemi baƙo, saboda an ga cewa idon ɗan gida ya saba da abin har ya daina ganinsa. Littafinsa ya fito a 1944, kuma da Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati a 1954, ta ambaci aikinsa cikin hujjojinta.

A watan Oktoban 1957, ministan kuɗi na sabuwar ƙasar Gana, Komla Gbedemah, ya tsaya a wani gidan abinci a garin Dover na jihar Delaware, aka hana shi zama ya sha lemo saboda launin fatarsa. Labari ya bazu a duniya, sai da shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar gwamnati don wanke abin kunyar. A 1961 aka yi wa jakadan Cadi irin wannan a kan hanyar da ta ratsa jihar Maryland. Kowane jakadan Afirka da aka wulaƙanta ya zama tambaya mai tafiya da ƙafa: ku da kuke wa duniya wa'azin 'yanci, ina naku yake? A 1964 aka kafa dokar da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

A lura da wani abu a nan, domin zan dawo kansa. Baƙin nan ba su gano wani sabon abu ba. Baƙaƙen Amurka sun fi shekara ɗari suna yin wannan tambaya, ana dukansu, ana ɗaure su, ana kashe su a kanta, kuma gwagwarmayarsu ce ta kawo dokar. Abin da baƙo ya ƙara shi ne kunya, saboda shi ba a iya rufe masa baki yadda ake rufe wa ɗan gida marar galihu.

Inda kuwa Amurka ta toshe kunnenta, ga sakamakon nan kowa na gani. Bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa. A Disambar 2012 aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook. A Mayun 2022 aka kashe yara 19 da malamai 2 a garin Uvalde na jihar Texas. Birtaniya da Ostireliya duk sun fuskanci irin wannan kisa a 1996, suka tsaurara dokokin mallakar bindiga. Idan baƙo ya tambayi wasu Amurkawa me ya hana su yin haka, sai su kawo masa gyaran tsarin mulki na 1791, su ce wannan gadonsu ne, bare ba zai gane ba. Wato mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da harshen Turanci suke faɗa, amma maganar Kawu ce.

Shekarar da agwagi suka ɓace

Yanzu mu dawo gida. A farkon 2010 ina ɗalibin koyon aikin jarida, na zo hutu na tarar ana ƙus-ƙus cewa yara na mutuwa a ƙauyuka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya sume, kafin kwana biyu an kai shi makwancinsa. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iskoki. Kafin yaran ma, agwagin ƙauyukan sun riga sun fara mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

A watan Maris na wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ci karo da lamarin. Sun ba da maganin zazzaɓi da na ƙwayoyin cuta, yara ba su daina mutuwa ba. Sai aka aika jini waje aka gwada, sakamako ya nuna gubar dalma. A watan Mayu masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Abin da suka ƙirga ya kamata kowane ɗan Zamfara ya haddace shi: cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Jimillar yaran da annobar ta kashe an ƙiyasta ta da aƙalla 400, ban da dubban da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wasu suka makance, wasu suka kurumce, wasu har yau ba sa iya riƙe karatu.

Yadda abin ya faru ba shi da sarƙaƙiya. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi, har oza guda ta haura dala 1,200 a 2010. Manomin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara ya ga cewa buhun dutse ya fi buhun gero. Dutsen da aka haƙo a wasu ramukan yankinmu kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa, a niƙa shi a bushe a injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi da shi. Mata a cikin gida suna dakawa a turmi, suna shanyawa a tsakar gida, domin ita ce sana'ar da ta iso su har ɗaka. Ƙura ta bi iska ta sauka a kan ƙasa, da tabarma, da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse dalma, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. A wasu gidajen an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin don wurin wasan yara 400 ce.

Tambayoyin da baƙin suka yi ba su da yawa. Yara nawa aka haifa a gidan nan, nawa ke raye? A ina ake niƙa dutse? Da wane turmi? Me ya sa sababbin ƙananan kaburbura suka yi yawa haka, kuma ba a kai rahoto ba? Ni da kunnena na ji abin da aka riƙa faɗa a cikin gari. Aka ce zinarenmu suka biyo. Aka ce so suke a hana talaka neman abinci. Aka ce wane ne zai shiga gidan mutum yana ƙirga masa gawa, ai mutuwa ta Allah ce. Wasu magidanta sun ɓoye aikin dutse, wasu sun rage lissafin yaran da suka rasa.

Ba na zargin uwar da ta sunkuyar da kai ta kasa faɗin adadin 'ya'yanta da suka mutu. Mu mutane ne da mace ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zauna gaban baƙo tana lissafa masa waɗanda ta binne. Ba na kuma zargin magidancin da ya ji tsoron a ƙwace masa abin da yake ci da iyali. Zargina yana kan waɗanda suka yi karatu, suka san mece ce guba, suka san amfanin ƙididdiga, amma suka zaɓi su tsaya a bakin ƙofa suna kare martabar gari, yara na mutuwa a bayansu.

Kuma ga abin da na ce zan dawo kansa. Matan Dareta da na 'Yargalma sun riga kowane likita sanin cewa wani abu ya lalace. Su ne ke goyon yaran, su ne ke ganin jijjigar. Tambayar da baƙo ya yi da babbar murya, su sun daɗe suna yin ta a zuci da cikin ɗaki. Mai ɗaki ya san inda ke yoyo, gaskiya ne, amma wadda ruwan ke zuba a kanta ba ita ake tambaya ba, kuma ba ita ke da ikon kiran magini ba.

Hujjojin masu ƙin tambaya

Adalci ne in kawo hujjojin ɗaya ɓangaren da ƙarfinsu, domin ba na banza ba ne.

Ta farko ita ce tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa na Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle. Na yarda. Amma mu duba inda tsallen ya kai mu. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da tamu, saboda zargin an sa mata maganin hana haihuwa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya ta fita daga jerin masu ita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan namu ne. Darasin Kano shi ne a binciki baƙo, a nemi takardunsa, a sa masana na gida su tsaya a kansa. Wanda ya fahimci darasin a matsayin a rufe ƙofa a toshe kunne ya hukunta 'ya'yansa ne a kan laifin wani.

Ta biyu ita ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Akwai baƙin da suka zo suna mamakin me ya sa mutane ba za su daina haƙar zinare kawai ba, kamar wanda ke tambayar mai jin yunwa me ya sa yake cin abinci. Hukumomi ma sun bi wannan gajeren tunani suka yi ta sanar da haramci, daga ciki har da wanda gwamnatin tarayya ta sa a Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage a Disambar 2024. Haramci bai taɓa hana haƙa ba, sai dai ya mayar da ita ɓoye, inda ba mai duba ƙura. Amma wa ya gyara wa baƙin fahimtarsu? Mutanen gari ne da suka zauna suka amsa. Daga wannan zama ne aka gane cewa mafita ita ce a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa don kashe ƙura, mahaƙi ya wanke jikinsa ya canza tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Da hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni aka samu shiga gidaje aka kankare ƙasar da ta gurɓata, aka binne ta a rami, aka zubo sabuwa. Makantar baƙo amsa ce ke warkar da ita. Shiru ƙara ta yake yi.

Ta uku ita ce wadda 'yan boko suka fi so: su wa suka isa su tambaye mu, su da ke da nasu? Za a kawo maka garin Flint na jihar Michigan, inda a Afrilun 2014 hukuma ta sauya wa jama'a ruwan sha don tsimin kuɗi, ruwan ya ci bututu, dalma ta shiga jinin yara, mafi yawansu 'ya'yan talakawa da baƙar fata. Gaskiya ne. Amma a ƙarasa labarin. Likitar yaran da ta fito da alƙaluma a Satumbar 2015, Mona Hanna-Attisha, 'yar baƙin haure ce daga Iraƙi, kuma abin da jami'an jihar suka fara yi shi ne ƙaryata ta da zarginta da tayar da hankalin jama'a, kafin daga baya su yarda. Halinsu da namu ɗaya ne. Sannan a tuna cewa injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da suka jagoranci kankare ƙasa a ƙauyukanmu daga jihar Idaho suka zo, kuma sun koyi aikin ne a yankin Bunker Hill, inda gobara ta lalata matatar hayaƙin wata masana'antar narka dalma a 1973, masu ita suka ci gaba da aiki haka nan, gubar ta shiga jinin yaran garin. Wato masifar gidansu ce ta koya musu abin da suka kawo mana. Da sun tsaya ɓoyon nasu, da ba su da abin da za su ba mu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, amma wanda ya hango maka wuta a rufin ɗakinka ba ka ce masa ya je ya kashe ta gidansa tukuna.

Wace ce al'ada, wace ce gazawa?

Tambayoyin baƙo iri biyu ne, kuma dabarar masu mulki ita ce cakuɗa su. Akwai wadda ta shafi yadda muka zaɓi mu rayu: me ya sa yaro ke durƙusawa ya gaida babba, me ya sa gaisuwa ke ɗaukar minti biyar ana tambayar gida da gajiya da iyali, me ya sa tsoho ke mutuwa a ɗakinsa cikin jikoki. Irin wannan a amsa ta da sakin fuska da alfahari, ba mu bin kowa bashin neman afuwa a kanta, kuma a nan ƙanena yana da abin da zai koya wa Amurkawa. Akwai kuma wadda ta shafi rai da haƙƙi, ita kuwa ba ta da amsa sai aiki.

A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan gubar dalma, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Kuɗin da aka yi alkawari don tsabtace Bagega, inda yara kusan 1,500 ke jiran magani, ba su fito ba sai a Janairun 2013, bayan matasa masu fafutukar bin diddigin kuɗin gwamnati da ƙungiyar Human Rights Watch sun cika intanet da kiran a ceci garin. Likitoci ba za su iya fara ba yaro maganin fitar da dalma ba alhali zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ita, saboda haka kowane watan jinkiri a jikin yara ya ƙare. Ina so wani ya nuna mini babin al'adar Hausawa ko na addinin Musulunci da ya ce a riƙe kuɗin maganin yara wata takwas. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara kusan talatin. Shekara biyar bayan Dareta, darasin bai ko ƙetare iyakar jiha ba.

MSF ta shafe sama da shekara goma tana wannan aiki kafin ta miƙa shi ga hukumomin jiha a 2022. Idan baƙo ya tambaya me ya sa sai ƙungiyar waje ce za ta riƙe lafiyar yaran yankin da ke zaune a kan zinare, wannan ba raini ba ne. Idan ya tambaya wa ke sayen zinaren, ta wace hanya yake fita, nawa ne ya dawo Bagega a matsayin rijiya ko aji, ba shisshigi ya yi ba. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Har a kan gawa ba mu da lissafi guda. Mu da muka yi wa Amurka dariya a kan bindiga a ƙofar gidan Kawu, da yawanmu ba mu iya zuwa gonakinmu ba a daminar da ta wuce.

Gadon da muka manta

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan tsoron tambaya ba gadonmu ba ne. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Hugh Clapperton a Sakkwato. Bai ɓoye masa gari ba, bai kuma ji tsoron tambayoyinsa ba. Shi ma ya juya ya yi masa nasa, har ya tambaye shi kan rabe-raben mazhabobin Kirista, Baturen da kansa ya rubuta cewa abin ya fi ƙarfin saninsa. A 1943 Abubakar Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya duba, ya tambaya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don mutanensa su amfana. Wanda ya san kansa yakan amsa, sannan ya yi tasa tambayar. Anka kuwa, mazaunin Sarkin Zamfara, magajiyar daular da ta girmi jihar da ɗaruruwan shekaru, ba garin da ya kamata ya firgita don wani ya zo da littafi da biro ba ne.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowane mai unguwa da dagaci ya riƙe littafin haihuwa da mutuwa, a riƙa tattarawa wurin hakimi duk wata, domin da akwai irin wannan littafi a Dareta da tun a watan farko an ga abin da ke faruwa. A sa mata cikin masu karɓar wannan rahoto, saboda su ne ke shiga inda labarin yake. Gwajin dalma a jinin yara ya zama aikin yau da kullum a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi, tunda haƙa ta dawo a hukumance kuma farashin zinare ya ninka na 2010. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa yarda da ƙaddara ba ta hana bincike, kamar yadda ba ta hana shuka. Mu kuma 'yan jaridar yankin mu daina jiran sai wani gidan rediyon waje ya yi tambaya sannan mu fassara ta. Abin kunyar da ke cikin labarin 2010 shi ne yadda muka jira har sai da baƙo ya zo kafin a yi tambayar.

Na koma Anka bayan wata guda, na iske Kawu shi kaɗai da hantsi, na gaishe shi, na ce ina neman afuwa idan maganata ta ranar nan ta yi kaifi. Ya ce babu komai. Muka yi shiru. Can ya ce mini a shekarar nan wani amininsa a ɗaya daga ƙauyukan ya binne jikoki uku cikin wata biyu, kuma har mutumin ya koma ga Allah bai taɓa ba shi labarin da bakinsa ba, shi ma bai taɓa tambayarsa ba, don kara. Ya ce, “Da na tambaya a na farko, wa ya sani.”

Allah ya jiƙan yaran Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega, ya ba waɗanda suka rayu da raunin lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.